Muryar da Ta San Sunan Abba

Daga Asiya zuwa ga mijinta Kamaruddeen. Saƙon murya, ranar Talata.

Salamu alaikum. Baban Abba, ka zo gida. Abin da nake so ke nan, ka zo gida, yau in da hali, in babu gobe da sassafe. Ina wuni, ya aiki, ya mutanen Rijiyar Zaki? Ka yi haƙuri na bar gaisuwa a baya, bakina ne ya riga ni.

Na yi ta kiranka ba ya shiga. Yanzu haka ina bayan rumbu, gindin ɗorawar nan da sabis yake ɗan kamawa. Abba na goye, in ka ji ƙunƙuni shi ne.

Tun jiya wayar nan da ka bar min take ta ƙara. In na ɗauka sai in ji wata mata, murya sumul kamar ta rediyo, ba ta amsa sallama, ba ta ko numfashi. Sai ta ce wai sakamakon gwajin jinin ɗana ya fito, akwai haɗari, a kai shi asibiti mafi kusa kada a ɓata lokaci. In na ce baiwar Allah wace ce, ko ta kula ni. Kuma ba Abba take ce masa ba. Sunansa na yanka take kira ɓaro-ɓaro, sunan marigayi mahaifinka, wanda ni ban taɓa ɗora shi a harshena ba, kai ma ba ka faɗa, Inna ma Mai-sunan-Malam take cewa. To wa ya gaya mata?

Jiyan ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na hau mashin na kai shi ƙaramin asibiti a Minjibir. Malamin asibitin ya duba idonsa, ya duba bakinsa, ya ce haƙori ne yake tahowa, shi ya sa jikin ya ɗan yi ɗumi. Ya ce su ba su taɓa ɗibar jininsa ba, ba kuma su suka kira ni ba. Ina fitowa daga ƙofar asibitin ta sake kira.

Yau da safe muna sussukar gero Inna ta ji da kunnenta. Taɓaryar ta saki. Ta ce rabon da a kira sunan nan a gidan nan tun ranar da aka raɗa wa yaron. Can sai ta ce ai da ma ta faɗa, ranar da ka hana a cire masa beli sai da ta ce za a gani. Ta ce ga shi jinin ya ɓaci har na nesa sun sani. Ta aika wa Hadi wanzami. Ran Juma'a yana da askin suna a maƙwabta, in ya gama zai shigo ya cire belin, ya yi masa tsaga a ƙirji mugun jinin ya fita.

Ni ban san wanne na fi tsoro ba, matar ko askar. Ka san yadda ɗan Ramlat maƙwabciyarmu ya yi ta zubar da jini bara da aka cire masa beli, har sai da aka kai shi birni aka ƙara masa.

Ka zo. Allah ya tsare, sai na ji ka.

Daga Kamaruddeen zuwa ga Asiya. Ranar Talata da la'asar.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Abba, ya gida, ya Inna, ya babban mutum? Ki zauna tukuna. Na san a tsaye kike. Ki zauna ki ji.

Ba aljana ba ce, ba asibiti ba ne, kuma ba abin da ya sami jinin Abba. Ni ne. Wallahi da na ji saƙonki sai da na dafe kai.

Kin san kamfaninmu manhajoji muke yi wa asibitoci, irin masu kiran mata a waya su tuna musu ranar awo ko rigakafi. To akwai wani shafi a kwamfuta, fotal muke ce masa, ta nan duk mai rubuta manhaja a wurinmu yake shiga in zai fara sabon aiki. Kamar zauren gida ne, ta nan kowa yake bi, a nan kuma aka jingine kayan aiki. Ni aka ba aikin gyara masa saiti ya dace da mu: in sa sunan kamfani da launinsa, in tsara wa zai shiga wa ba zai shiga ba, in kuma ajiye samfuri, yadda sabon ma'aikaci zai danna maɓalli ɗaya ya tarar da aikinsa a shirye. A cikin samfurin akwai gurbin da ake sa lambar waya ta misali da sunan yaro na misali, don gwaji kawai. Ina sauri, lambar da ta zo min taki ce, don ita kaɗai na haddace. Wurin suna kuma, kin san da baki ba na iya faɗa, amma yatsa ba shi da kunya. Na rubuta, har ina jin daɗi na ga sunan ɗana a allo. Na ɗauka kiran gwaji a cikin injin zai tsaya. Ashe na bar layin waje a buɗe.

Jiya aka kawo mana ɗalibai daga jami'a su koyi aiki. Duk wanda ya danna maɓallin nan sai injin ya gwada kira, sai wayarki ta yi ƙara. Su suna nan suna tafi wai abu ya yi aiki.

Yanzun nan na shiga na goge. An gama. Ki kunna wa Inna wannan saƙon, ki ce ɗanta ne ya yi shirme, ta ajiye min dukana zuwa Asabar, don ɗaliban nan a hannuna suke, ba damar fita kafin nan. Hadi wanzami kuwa ya yi askin sunansa ya wuce, in ya leƙo a dama masa fura.

Ki shafa min kan Abba, ki ce haƙorin ya yi sauri, tsire yana jiransa. Sai an jima.

Daga Asiya zuwa ga Kamaruddeen. Ranar Laraba.

Salamu alaikum. Ina kwana, ka tashi lafiya? Baban Abba, ta dawo.

Jiya daga la'asar shiru, har na iya cin tuwo. Na kunna wa Inna maganarka, ta saurara ta ce, "To, in shi ya kunna ai shi zai kashe, ma gani." Yau da hantsi tana riƙe da wayar tana jujjuya ta, tana yi wa Abba tsiya, wai mijin nata ya tsufa, ba haƙori sai dalala, sake shi za ta yi ta auri mai shanu. Sai ga ƙara. A hannunta. Kuma yanzu har da namiji. Ita matar ta gama, can sai wani mai murya kamar mai sanarwar rasuwa, shi ma sunan, shi ma jinin.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Miƙo min wayar ta yi ta ce, "Mijinki ya ce ya kashe. Abin da ya fi ƙarfin mai shi ai ba nasa ba ne."

Na ce to bari in kashe wayar gaba ɗaya. Ta ce in na kashe waya na kashe ciwon ne? Ta ce a bar ta a kunne a kan taga kowa ya ji. Matan gidan Kawu Iliyasu duk sun shigo ji. Da ta yi ƙara sai duk suka matso bakin tagar. Wata ta ce a yi sadakar waina, wata ta ce a karɓo rubutu. Na je wurin Kawun da kaina na durƙusa na ce ya sa baki, tunda shi ne babba. Ya ce shi an cire masa, an cire maka, an cire wa duk yaran gidan nan, wa abin ya kashe? Ya ci gaba da ɗaure damin dawarsa.

Ni na yarda da kai. Amma in gaya maka gaskiya, da na ji muryar nan sai hannuna ya kai goshin yaron. Na duba tafin hannunsa, na ja fatar idonsa, na sake ja, har ya fara kuka in ya ga yatsana. Gyaɗa na ɗora a wuta na manta har ta zama gawayi. Na kasa zama, na kasa tsayuwa.

Ka ce ka goge. Me ya dawo da ita? Jibi ce fa Juma'a. Ka amsa min yau don girman Allah. Na bar ka lafiya.

Daga Kamaruddeen zuwa ga Asiya. Ranar Laraba da yamma.

Wa alaikumus salam. Asiya, sannu, sannu. Na ji komai. Bakin titi na fito nake miki wannan don kada a ji ni a ofis.

Ga abin da ya faru. Fotal ɗin nan a cikin wani abu yake aiki, kwantena muke cewa, kamar akwati ne da aka zuba manhaja da duk kayanta. Akwai kuma babban tsari da yake gadin akwatunan. Aikinsa ke nan, ya duba akwati, ya duba ainihin fayil ɗin saitin da aka ajiye, in ya ga sun saɓa sai ya watsar da akwatin ya haɗa sabo daidai da fayil. Ni jiya akwati na gyara, ban gyara fayil ba. Da ya ga an taɓa sai ya mayar da lambarki. Ɗazu na sake gogewa, kuma zai sake mayarwa. Don haka aka yi shi, don kada wani ya yi gyara a ɓoye. Yau ga shi ni ya kama.

Shi fayil ɗin ba ya canzuwa sai shugabarmu, Hajiya Ummu Salma, ta duba ta sa hannu. In na aika mata gyaran nan shi kaɗai, nan take za ta ga lambar mutum ce ta gaske, da sunan yaro na gaske. Ranar da aka ɗauke ni sai da ta maimaita, duk wanda ya sa bayanan mutum na gaske a gwaji ya kama hanya. Ni kuwa har yanzu ba a tabbatar da ni ba, ƙarshen watan nan za a ce an riƙe ni ko an sallame ni. Ran Litinin akwai babban gyara da zan shigar, layuka rututu, sai in cusa wannan a ciki ko Allah zai sa idonta ya tsallake.

Na kira Inna ta wayar Kawu. Ta ce ba ta da magana da wanda ya ɗauki sunan ubansa ya jefa a inji yara suna dannawa. Ta miƙa wa Kawu wayarsa.

Ki ja ta da dabara zuwa Asabar in zo. Ki ce yaron yana zawo, wanzami ba ya taɓa mai zawo. Asiya, aikin nan shi ne rufin asirinmu gaba ɗaya, har Innar. Ki yi haƙuri, ki rufa min. Ina nan ina gogewa duk sanda ya dawo. Allah ya bar mu tare.

Daga Asiya zuwa ga Hajiya Ummu Salma. Ranar Alhamis da safe.

Salamu alaikum Hajiya. Ina kwana, an tashi lafiya, ya iyali, ya aiki? Ba ki san ni ba. Sunana Asiya, daga wani ƙauye nake a bayan Minjibir, ni ce matar Kamaruddeen da yake aiki a ƙarƙashinki. Ban yi makaranta ba, shi ya sa nake miki da baki, ki yafe ni in na faɗi ba daidai ba.

Yadda na same ki, yau na daure ban katse matar nan ta injinku ba, na bar ta ta kai ƙarshe. Ashe tana cewa mai son magana da mutum ya danna ɗaya. Ɗaya dai na san shi. Na danna, wata ta ɗauka a ofishinku, na ce shugaba nake nema, ta turo min lambarki.

Hajiya, tun Litinin injinku yake kirana yana cewa jinin ɗana ya ɓaci. Mijina ne ya sa lambata da sunan yaron a wurin misali, ba da mugunta ba, wallahi lambata kaɗai ya haddace. Ya ce yana gogewa a akwati amma mai gadin akwatin yana mayarwa, sai kin sa hannu a wani fayil. Ya ce in jira Litinin ya cusa gyaran cikin wani babba, don yana tsoron ki gani. Ni ban san fayil ba. Abin da na sani, gobe da safe wanzami zai sa wa ɗana aska a maƙogwaro da ƙirji saboda abin da injin yake faɗa. Surukata ta yarda da shi fiye da ɗan da ta haifa.

Ya ce in ce yaron yana zawo don a ɗaga. Na buɗe baki zan faɗa wa surukata sai harshena ya ƙi. Ya zan kira wa ɗana ciwo da bakina, yana kwance lafiya?

Abu biyu nake roƙo, ban sani ba ko ana haɗa su. Ki sa hannun nan yau. Kuma kada ki kore shi, mutumin kirki ne, tsoro ne kawai. Bai san na kira ki ba. In kuwa ɗaya kaɗai za a iya, Hajiya, to ki sa hannun.

Allah ya raya miki naki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Daga Hajiya Ummu Salma zuwa ga Asiya. Ranar Alhamis da azahar.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malama Asiya, barka da rana, ya yaro? Na saurari saƙonki har ƙarshe.

Da farko ina ba ki haƙuri a madadin kamfani. Ki sani ba mu da jinin Muhammadu Sani, ba mu taɓa gwada shi ba. Ki yafe ni na kira sunan, so nake ki tabbata shi nake nufi. Maganar da kike ji rubutacciya ce, ta gwaji, ba ta kowa ba ce.

Na buɗe fayil ɗin da kaina. Na cire lambarki da sunan, na sa waɗanda ba na kowa ba. Na rufe layin waje, ta yadda ko wani ya sake irin wannan, kiran gwaji ba zai fita daga ofis ba. An sauke tsofaffin akwatunan an tayar da sababbi, har da waɗanda ɗalibai suka riga suka kwafa. Wannan karon daga tushe aka gyara, ba zai dawo ba.

Maganar maigidanki kuwa, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ni kaɗai ke yankewa ba. Sa lambar kuskure ne, kowa yana yi. Amma ya sani tun Talata ya yi shiru, wannan ne za mu zauna a kai ran Litinin. Ban gaya masa kin neme ni ba. Wannan tsakaninku ne, na bar miki.

Allah ya raya yaro, ya ba ki kwanciyar hankali. Wassalam.

Daga Asiya zuwa ga Hajiya Ummu Salma. Ranar Alhamis da yamma.

Salamu alaikum Hajiya, ina wuni. Allah ya saka da alheri, ta yi shiru, tun azahar ba ta kira ba.

Amma Inna ta ce ai ran Talata ma ta yi shirun. Ta ce shiru ba sauƙi ba ne, wanda ya ce akwai ciwo bai dawo ya ce an warke ba. Na kunna mata muryarki, ta ce wannan mutum ce, mutum kuwa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Har ta auna wa wanzamin geronsa ta ajiye a bakin ƙofa.

Don Allah Hajiya, ki sa matar nan ta kira sau ɗaya tak. Da muryar nan tata, ta faɗi sunan, ta ce an sake dubawa jinin lafiya lau. Ita Inna za ta ji. Rana tana faɗuwa, ki taimake ni. Na gode.

Daga Hajiya Ummu Salma zuwa ga Asiya. Ranar Alhamis kafin magariba.

Wa alaikumus salam. Asiya, ƙanwata, zan iya, ba wuya. Amma ba zan yi ba, kuma na san za ki ji haushina.

Ba mu gwada jinin nan ba. Injin ya riga ya yi ƙarya a kan ɗanki, ba zan sa shi ya ƙara wata ba, ko da mai daɗi ce. In wata rana yaron ya yi zazzaɓi na gaske, kakarsa za ta ce ai an ce lafiya lau, a zauna a gida.

Ki kawo shi birni gobe a gwada jinin da gaske. Akwai likitar yara da na sani, zan gaya mata kina tafe. Abin da ta gani za ta faɗa, kuma in kakar tana so ta gaya mata da bakinta, har maganar belin. Abin da zan iya ke nan. Allah ya yi miki jagora.

Daga Asiya zuwa ga Kamaruddeen. Ranar Juma'a da sassafe.

Salamu alaikum. Baban Abba, ina kwana. Ina cikin motar Kano, in ka ji ihu kwandasta ne. Abba yana kan cinyata yana cizon mayafina. Asibiti zan kai shi a ɗebi jininsa da allura a gaban idona, likita ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Ka zo tasha ka tare mu, ban san hanya ba.

Ban nemi izininka ba, na sani. In ka zo ka yi faɗan, zan tsaya in ji. Allah ya kawo ka lafiya.

Na ji saƙonka na jiya da kake cewa ikon Allah, fayil ya gyaru, ba ka san yadda aka yi Hajiya ta gano ba. To kada ka wahalar da kanka. Na gaya wa Inna zan tafi, a tsaye a ƙofar ɗakinta, ba ta kuwa tare hanya ba. Na biya gidan sunan na gaya wa Hadi wanzami ya yi askinsa ya wuce, ba yaro a gidanmu yau. Na gaya wa Kawu Iliyasu a bakin masallaci. Hajiya Ummu Salma kuwa tun jiya da safe na gaya mata, komai da komai, har maganar Litinin.